Yadda za ka nemi tallafin noman auduga a Sakkwato ba tare da ka ja wa gida bashi ba

Jama'a assalamu alaikum. Da zarar bazara ta kama zafi ya fara gasa mutane sai ka ga saƙonni sun fara yawo a WhatsApp da Facebook wai gwamnati za ta raba wa manoman auduga kuɗɗi, a latsa nan a cike fom, wasu har da hoton minista a sama don a yarda. Wanga rubutu naku ne ku samari masu waya a hannu, don na san yawanci ba Baba ne zai karanta ba, kai ne za ka karanta kuma kai za a aika sakatariya da katinshi a aljihu, in abu ya yi kyau a sa maka albarka, in ya ɓaci kai za a kalla.

Fara da cire batun alat daga ranka. A ƙasar ga ba a cika zuba wa manomin auduga tsabar kuɗɗi da sunan tallafi ba. Wancan tsarin Amurka ne, can ne gwamnati ke biyan manomi in farashi ya faɗi, har Brazil ta kai su ƙara gaban hukumar ciniki ta duniya a 2002 kuma maganar ba ta mutu ba sai 2014 da Amurka ta yarda ta biya dala miliyan 300, maƙwabtanmu Binin da Burkina Faso da Mali da Chadi kuwa tun 2003 suke kukan cewa tallafin can ne ke karya musu farashi. Mu nan kaya ake badawa, iri da taki da maganin ciyawa da na ƙwari, wani sa'in da famfon feshi, in an yi sa'a a ɗora ɗan kuɗin ƙwadago. Kuma kayan nan ta hanya biyu suke zuwa, wanda bai rarrabe su ba shi ne ke shiga uku.

Akwai rangwame, wato ka biya wani kaso gwamnati ta cika sauran, ka ɗauki kayanka kun rabu lafiya babu mai bin wani. Irin shi ne anka yi a 2012 lokacin Akinwumi Adesina na ministan gona, shirin GES, da saƙo ke shigowa waya ka je wurin dila ka karɓi taki buhu biyu a rabin farashi. Shirin NAGS-AP da anka fara a ƙarshen 2023 shi ma haka ya biyo, sai dai shi ya fi karkata ga alkama da shinkafa da masara, don haka in an ce maka an buɗe rajista ka tambaya ko auduga na ciki kafin ka ƙona mai zuwa gari. Takin da gwamnatin jiha kan sayar da sauƙi ta hannun ƙananan hukumomi shi ma nan ya faɗa, kuma shi babu ruwanshi da mi za ka shuka, in ka samu ka zuba wa audugarka.

Sannan akwai rance. Babbanshi shi ne Anchor Borrowers, wanda muke ce wa Anko, na Babban Banki wato CBN, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015, da shinkafa anka fara, sai a 2019 anka juyo kan auduga da ƙarfi, a Katsina anka yi bikin rabon iri kuma ta hannun ƙungiyar masu auduga ta ƙasa, NACOTAN, kayan sunka bi. Kuɗin ruwanshi a lokacin kashi 9 cikin ɗari ne, lokacin korona a 2020 anka sauke zuwa kashi 5. A Disamba 2023 Babban Banki ya daina karɓar sabbin masu neman irin wanga rance, saboda haka duk wanda ya turo maka adireshin intanet yau ya ce sabon fom ɗin Anko ne na CBN ka san ɗan damfara ne. Amma tsarin bai mutu ba, kamfanonin gurzar auduga da Bankin Manoma da duk wani sabon shiri da zai fito kusan haka suke yi, a ba ka kaya da damina ka biya da auduga da kaka. A Afrilu 2025 ma majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta amince a kafa hukumar auduga da masaƙu, to amincewa a taro daban, buhu a ƙofar gida daban, kai dai ka zama a shirye.

Tambaya ɗaya nake so ka yi da babbar murya gaban mutane kafin Baba ya dangwala yatsa a kowace takarda: wannan rangwame ne ko bashi ne? In bashi ne nawa ne jimilla, yaushe za a biya, da mi za a biya? Lokacin Anko mutane da yawa sun karɓa da tunanin rabonsu ne na arzikin ƙasa, wasu ma 'yan siyasa ne sunka raɗa musu haka, to bashin yana nan manne da BVN ɗinsu, kuma tun Agusta 2020 akwai dokar da ta ba banki dama ya ciri kuɗɗinshi daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗinka ko da a wani banki yake. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi mishi aski. Wanda kuma batun ruwa ya dame shi, kuma mu nan yana damun da yawa, ya tambaya ko akwai ɓangaren da babu ruwa, don ko Anko ɗin ma an fitar mishi da irin wannan tsari a 2020 ta bankunan Musulunci, in babu ya je ya tambayi malaminshi tun kafin ya karɓa, ba bayan taki ya shiga ƙasa ba.

Ina ake samun labari na gaskiya? Ba a waya ba, a ƙafa. Sashen gona na sakatariyar ƙaramar hukumarku, malamin gona na SADP, wato shirin bunƙasa noma na jiha, da ke kula da yankinku, shugaban manoman auduga ko na ƙungiyar manoma ta AFAN na wurinku, sarkin noma, sai kuma sanarwa a Rima Rediyo. Ka fara leƙawa tun watan Maris ko Afrilu, ka karɓi lambar malamin gona ka riƙa gaishe shi, don sau da yawa kafin sanarwa ta fito fili an riga an rufe sunaye. Rajistar gwamnati ba a biyan kuɗin fom a asusun wani mutum. Kuɗin ƙungiya daban, shi akwai, kuma da rasit.

Yanzu takardu, kuma nan ne zan daɗe don nan mutanenmu ke zubewa tun ba a je ko'ina ba. Ana buƙatar lambar NIN, da BVN, da asusun banki mai rai, da layin waya, da hoton fasfo. Duka huɗun farko dole su zama na mutum ɗaya da suna ɗaya a jere ɗaya. Mu Sakkwatawa mun san halinmu, a katin ɗan ƙasa an rubuta Muhammadu Bello Yabo, a banki Mohammed Bello, a rajistar layi kuma Mamman B. Yabo, ranar haihuwa can 1 ga Janairu nan wata daban da yaron shago ya ƙirƙira, mu mun san mutum guda ne amma kwamfuta ba ta sani ba, mutum uku take gani sai ta watsar da sunan, kuma ba mai kiranka ya ce an watsar, sai ranar rabo ka yini a rana kana jiran a kira Baba ba a kira ba. Ka zauna yau ka jera takardun a kan tabarma ka karanta harafi bayan harafi, wanda ya saɓa ka je banki ko ofishin katin ɗan ƙasa a gyara, gyaran na cin makonni shi ya sa na ce tun bazara.

Layin waya kuma ya zama na Baba, da NIN ɗinshi anka yi rajista, yana cikin waya yana aiki, don layin da anka jefa a ƙwarya wata da watanni kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani. Kar ka yarda shugaban ƙungiya ko wani ɗan kamasho ya ce kawo a sa lambata don sauƙi, saƙon karɓar kaya ta lambar nan yake zuwa, mai layi shi ne mai taki. Haka iyayenmu mata da ke da gonakinsu, a yi musu da sunansu da layinsu, kar maigida ya haɗe. In garinku sabis na wahala, ko kuna yankin da anka taɓa rufe layuka kamar yadda anka yi wa ƙananan hukumomi 14 a Satumba 2021, ka samu inda za ka riƙa zuwa duba saƙo duk ranar kasuwa. Lambar sirri ta katin banki da lambar nan da ke shigowa waya lokacin cirar kuɗɗi, babu ma'aikacin gwamnati da ke buƙatarsu, wanda ya tambaya ka kashe waya.

Sai ƙungiya. Ba a cika ba mutum ɗaya ba, a Anko mutum 5 zuwa 20 anka riƙa haɗawa kuma kowa ya tsaya wa ɗan'uwanshi, ma'ana in ɗaya ya gudu sauran ake riƙewa. Don haka ba wurin kara ba ne. Wanda kunka san bai taɓa huɗa kunya ɗaya ba sai zaman majalisa, ko ɗan wane ne, a ba shi haƙuri. Ku yi rajistar ƙungiya a sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha, ku sami littafi guda da ake rubuta wa ya karɓi mi, kuma kar ma'aji da shugaba su fito gida ɗaya.

Ranar awon gona ka tsaya da kanka. Za su zo da waya ko na'urar GPS su zagaya iyaka, hekta ɗaya mita 100 ne tsawo mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. Akwai masu ba da shawarar ka ce hekta uku alhali ɗaya gare ka don kaya su yi yawa, to in rance ne bashin hekta uku za a rubuta kuma audugar hekta ɗaya za ka ɗiba, kai ma yi lissafi. In gonar aro ce ko haya a samu takardar mai gari. Kuma a duba ƙasar da gaskiya, auduga na son ƙasa mai ɗan nauyi da ke riƙe laima amma ruwa bai kwanciya, shi ya sa wajen Tambuwal da Kebbe da Tureta inda ruwan sama ya ɗan fi yawa ta fi karɓa a kan jigawar Gada ko Illela ko Tangaza. Ni a ganina ko kyauta anka ba ka iri kar ka juye gonar geron gida gaba ɗaya zuwa kaɗa, ba a tuƙa tuwo da ita kuma kuɗɗinta sai ƙarshen shekara.

Ranar karɓar kaya ka tafi da sammako, da wayar Baba da caji, da katinshi, da biro, da wanda zai tsare maka kaya. Wurin zai cika, ga rana ga ƙura ga masu turereniya, kuma daidai lokacin da ka gaji ne za a miƙo maka takarda a ce sa hannu nan kayan na zuwa. Kar ka sa. Sai an jere maka komai a gabanka ka ƙirga ya yi daidai da abin da ke rubuce, buhu nawa, lita nawa, iri kilo nawa, kuma farashin kowane a rubuce, don a rance ana iya rubuta maka kwalbar magani da tsadar da ta fi ta kasuwa ba ka sani ba. Ɗaga buhun taki ka ji nauyinshi, kilo 50 ne ya kamata, duba bakin ko an farke an sake ɗinkewa da wani zare, danna shi da hannu in ya dunƙule ya yi tauri to ya sha laima. Kwalbar magani ka juya ta ka nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa, murfin ya zama ba a taɓa ɓalle shi ba. Abin da babu a rubuta babu a gabanka, sannan ka ɗauki hoton takardar da waya kafin ka miƙa. In ka fito bakin ƙofa za ka tarar da masu saye da kuɗɗi a hannu suna taya buhu da arha, wanda ya sayar musu ya ci kuɗɗin kafin ya kai gida, bashin kuma cikakke za a bi shi.

Irin shuka shi ya fi komai. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ita ke da jerin irin auduga mai suna SAMCOT, daga 8 har 13, kuma SAMCOT 9 ne anka tanada wa ɓangarenmu na arewa maso yamma. Akwai kuma aurarren iri na Bt da gwamnati ta amince da shi a 2018, mai kare kanshi daga tsutsar da ke huda ƙwallon auduga, shi yana rage feshin tsutsa amma bai hana darɓa da sauran masu tsotso ba, yana son taki sosai, kuma ba a ajiye anguryarshi a sake shukawa baɗi, duk shekara sabo ake saye. Ka san wanne anka ba ka don hidimarsu ba ɗaya ba ce. Da ka kai gida ka ƙirga ƙwaya 100, ka shimfiɗa su a jiƙaƙƙen buhun algarara ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, bayan kamar mako ka buɗe ka ƙirga waɗanda sunka tsiro. In ka ga kusan rabi sun ƙi, ɗauki hoto ka kai wa malamin gona da shugaban ƙungiya tun ba ka shuka ba, bayan shuka ba mai saurarenka, za a ce kai ne ba ka iya ba. Irin da ka ga an rina shi da launi magani ne a jiki, a ɓoye wa yara, kuma ragowar kar a zuba wa tumaki a ce ai angurya ce.

Ga abin da na fi so ka riƙe. Auduga na cin wata biyar zuwa shida a gona, damina kuma nan Sakkwato gajera ce, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba ruwa ya ɗauke. Shukarta daga tsakiyar Yuni ne zuwa farkon Yuli. In kaya ba su iso ba sai da marka ta kankama a Agusta, kuma rance ne, wallahi gara ka ce ka yafe, don ruwa zai ɗauke tana tsakiyar fure ka tashi da kara da ganye da bashi. Za a ce maka in ka ƙi karɓa bana za a cire sunanka baɗi, a cire. In rangwame ne kuma ka biya kasonka, karɓi takinka ka ajiye a busasshen wuri ko ka kai fadama da rani, wannan babu asara.

Inshora yawanci tana cikin lissafin rance, an riga an cire kuɗɗinta ko ka sani ko ba ka sani ba, hukumar NAIC ce ta gwamnati ke yin ta manoma. Tambayi wane kamfani ne, mi da mi ta ɗauka, fari ko ambaliya ko ƙwari, kuma mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah su tambaya ɓaro-ɓaro mi zai faru in tsaro ya hana zuwa gona, a nuna musu amsar a rubuce. Ranar da ɓarna ta faru ranar ake kai rahoto, da hoto da bidiyo kana tsaye cikin gonar, a rubuce ta hannun shugaban ƙungiya da malamin gona, kar ka share gonar kafin su zo dubawa.

Noman kanshi ba zan koya wa ɗan manomi ba, firi da maimai a kan lokaci, a rage a bar biyu a rami, feshin ƙwari ya fara kusan mako tara bayan shuka lokacin da fure ya soma, mai feshi ya rufe hanci da baki.

Sai biya. Tun da anka rushe hukumar sayen auduga a 1986 babu wani farashin gwamnati, kasuwa ce da yarjejeniya, shi ya sa tun ranar sa hannu za ka nemi a rubuta yadda za a yanke farashin kilo, da wanda zai biya kuɗin mota, don injinan gurza irin na Gusau da Funtuwa suna da nisa kuma tafiyar ba kyauta ba ce. Lissafin mai sauƙi ne, a ce misali bashinka naira 300,000 kuma anka tsaya kan naira 600 kilo, kilo 500 ke nan na masu bashi, abin da ya hau kai naka ne a biya ka. Sa naka alƙaluman ka gani tun kafin ka karɓa ko gonarka ta taɓa ba da haka. In ana ɗiba a bari raɓa ta bushe, fara tas gefe guda mai datti gefe guda, a zuba cikin zane ko buhun yadi, ban da buhun leda don zarenshi na shiga cikin auduga ya ɓata ta a masaƙa kuma da shi ake fakewa a karya maka farashi. Masu yayyafa ruwa ko zuba yashi don nauyi su ne sunka ɓata wa audugar ƙasar ga suna, ku hana a ƙungiyarku.

Wurin awo ka tsaya gaban sikeli idonka a kan allura, ka ga ta koma sifili kafin a ɗora, in da hali ka auna a gida tukuna don ka san abin da ka kawo. Duk awo da rasit mai kwanan wata da kilo da farashi da sa hannu. Dillali zai biyo ka har gida da farashin da ya ɗan fi, babu laifi ka sayar mishi da rarar, amma bayan ka cika na bashi. In ka gama biya kar ka tsaya a kan an ce ka gama, nemi takardar shaidar kammala biya daga banki ko kamfanin, ka yi hotonta ka tura wa kanka, asalin kuma a sa a leda a ajiye tare da takardun gona. Karan audugar kuma a tuge a ƙone bayan ɗiba ta ƙarshe don kar tsutsa ta kwana ciki ta jira shukar baɗi.